Yadda Na Koya wa Gwani Kuskure

Shekara goma sha shida na yi ina koya wa mutane wasan bul a Diffa, kuma in ka tambaye ni mutum nawa suka bi ta hannuna, ba zan iya faɗa ba. Ma'aikata ne mafi yawa, waɗanda ake turowa daga Yamai da Dosso da Tawa da Maraɗi, su sauka a tasha suna duban garin kamar an kawo su gidan kaso. Su yi shekara biyu ko uku suna ƙirga kwana, takardar canjin wurin aiki ta fito, su ɗaure kaya su tafi da abin da na zuba musu a hannu. Ko gaisuwa babu mai aikowa. Waɗannan duk na yafe musu, ko in ce na manta da su. Mutum ɗaya ne ya ƙi fita daga raina, kuma shi ba ma'aikaci ba ne, manomin tattasai ne daga wani ƙauye a bakin Komadugu.

Ga wanda bai san bul ba, ƙwallaye ne na ƙarfe, kowace ta cika tafin hannu, da wata ƴar ƙarama ta katako da ake fara jefawa taki bakwai ko takwas daga inda ake tsayawa. Kowane ɓangare yana neman ƙwallonsa ta fi kusa da ƙaramar. Mai ajiya shi ke lallaɓa tasa ta je ta kwanta kusa. Mai harbi shi ke jefo tasa ta sama, ta faɗa kan ta abokin karawa ta fitar da ita. Wanda ya riga kai maki goma sha uku ya ci. Faransawa suka zo da wasan, sojoji suka riƙe, ma'aikata suka gada.

Ni daktilo ne a lokacin, mai buga takardu a wani buro, wato ofis, na gwamnati. Ba cikakken ma'aikaci ba, ɗan kwantaragi, wanda kowace shekara sai darekta ya sa hannu kafin in ce ina da aiki. Filin wasan yana bayan buron namu, ƙarƙashin dogon yaro guda uku. Diffa kuwa yashi ce, ƙwallo in ta faɗi sai ta nutse ta yi shiru, saboda haka da amalanke muka yi ta kwaso laka daga bakin kogi, muka haɗa da ragowar tsakuwar masu aikin hanya, muka daɓe. Wani tsohon saje ne ya koya mini wasan a farkon shekarun casa'in. Da gwiwa ta hana shi tsugunawa sai ya miƙa mini mabuɗin akwatin ƙwallaye, ya ce daga yau sababbin shiga nawa ne.

Ranar Asabar bayan la'asar nake koyarwa. Ƙafa biyu a haɗe cikin da'ira. Bayan hannu yana kallon sama, ƙwallo tana ƙasa, yatsu huɗu ke riƙe ta, babban yatsa ba ruwansa. Wata guda cur mutum yana tsugune yana jefa ƙwallo cikin tsohuwar tayar mota, ban yarda ya yi harbi ba ko ya yi kuka. Ina da baki, na sani. Na sha ce wa mai digiri hannunsa kamar na mai tuƙa tuwo, a yi dariya, shi ma ya yi. Sai wata na biyu nake jera gwangwanayen tumatir a ƙasa in ce to, bismilla, a kayar.

Akwai darasi na ƙarshe wanda ba a yinsa a bainar jama'a, shi ma daga saje na gaje shi. A filinmu, in babba ya sauko ya yi wasa, ba a fitar da ƙwallonsa a lokacin da wasa ya zo gaɓar ci. Ana harbi, amma a kuskure. Kuma kuskuren yana da ladabinsa: ka sauke ƙwallonka taƙi guda gaban tasa, ta yi tsalle ta haye, ƙasa ta tashi, ka kama kai ka ce kash. Wanda ya jefa ta can gefe ya tona asiri, gara ma ya buge. Ni ke ba da alama. In na ɗaga hannu na gyara hulata, mai harbi ya san wannan ba ta bugu ba ce.

Kada ka ce mu munafukai ne kawai, ko da yake akwai wannan a ciki. Manyan da muka saba da su sun san kara ake yi musu. In babba ya ci, sai ya aika a sayo shayi da gasasshen nama, ya ce yau kun ji tausayin tsoho. In kuma akwai abin da ake nema a wasan, riga ce ko tafiya, sai ya ci a gaban jama'a, sannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wane ya karɓa. Shi ya tafi da girmansa, gwani ya tafi da abinsa. Sau biyu na ga an yi haka da idona, kuma na ɗauka haka duniya take a ko'ina.

Mai tattasai ranar Talata ya fara zuwa, ranar kasuwa. Wata takarda ta gonarsa ya zo nema, mai sa hannu ba ya nan, aka ce ya jira. Ya jira har aka tashi aiki, ya zagayo baya ya zauna a gindin dogon yaro yana kallonmu. Mutum ne dogo, baƙi, ya girme ni da shekara biyar ko shida, Hausarsa ta kasuwa ce mai nauyin Barebari. Wata ƙwallo ta gangara har gaban ƙafarsa. Ya ɗauka ya auna nauyinta a hannu.

"Ina za a sa shi?" ya tambaya.

Wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, da ke cikinmu, mai son wasa da mutane, ya nuna masa gwangwani can ƙarshen fili, ya ce, "Ka ga wancan? Gaishe shi."

Yana zaune ya jefa. Gwangwanin ya yi sama ya faɗo a lanƙwashe. Aka fashe da dariya, aka ce sa'a ce. Na jera masa uku. Ya tashi tsaye ya kayar da biyu. Na tambaye shi inda ya koya, ya ce shi bai koyi komai ba, tun yana ƙarami dai da hoge yake korar awaki da tsuntsaye daga gona, kuma akuya ba ta tsayawa ta jira ka kamar gwangwani.

Da na ce zan sa shi cikin ƴan Asabar, sai magana ta tashi. Fili na ma'aikata ne. Ba ya jin faransanci. Gobe masu banda kifi za su zo daga Bosso su ce su ma a ba su ƙwallo. Na ce in ba za a karɓe shi ba ga mabuɗin akwati, a nemi wani malamin. A iya sanina wannan ne karo ɗaya tak da na taɓa kafewa a kan wani abu a filin nan, kuma na daɗe ina yi wa kaina kirari a kansa.

A keke yake zuwa, tafiyar fiye da awa guda, bayan ya gama ban ruwa. Yana warin fetur na injin ban ruwa, in lokacin tsinka ne kuma hannunsa ja wur, duk wanda ya ɗauki ƙwallo bayansa ya shafa ido sai ya yi hawaye yana zagi. Ban raga masa ba don yana da baiwa. Jifan hoge yake yi, tafin hannu a sama, kuma wata uku na yi ina bugun wuyan hannunsa da tsinken tsintsiya kafin ya juya. Bai taɓa ɓata rai ba. Ko da yake ya girme ni, Malam yake ce mini, ni kuma in ce masa Yaya. Na ara masa tsofaffin ƙwallaye uku ya tafi da su gida, yana jifa a busasshiyar laka bayan gonarsa. Kafin shekara ta zagayo, in ya harba sai ka ji ƙarfe ya ce tas, ƙwallon abokin karawa ta fice, tasa ta zauna daidai inda waccan ta tashi. Mutum yakan yi shekara goma bai yi irin wannan sau biyar ba. Shi kuwa a yammaci ɗaya sai ya yi ta har mu daina tafi.

Sai ranar da na ja shi gefe don darasin ƙarshe. Na yi masa bayani tsaf, na nuna masa hula. Ya saurara har na gama.

"Malam, in ba ya so a buge, don me ya ajiye?"

"Haka ake yi, Yaya. Girmamawa ce."

"A wurinmu in kana girmama mutum, kana ba shi buhu. Ba ka ce masa gonarsa ya fi naka in bai fi ba."

Na ce masa nan ba gona ba ce, kuma in yana son zama a filin sai ya bi al'adar filin. Na kawo masa maganar durƙusa wa wada. Ya ce to, tunda Malam ya faɗa. Sati shida muka yi ina koya masa yadda zai kuskure, don hannunsa ba ya yarda, yana niyyar kaucewa sai ka ji tas. Da ya iya kuwa, babu mai kuskure da ya kai nasa kyau. Wanda bai sani ba sai ya rantse ƙasa ce ta cuce shi.

Bayan shekara ta dubu biyu da kaɗan aka kawo mana sabon darekta daga yamma. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Mutum ne mai son a ce ya iya. Bai taɓa riƙe ƙwallon bul ba sai a hannuna, don haka shi ma ɗalibina ne, sai dai yaya za ka bugi wuyan hannun wanda ke sa hannu a takardar aikinka? Ranar farko ya ce shi ba zai tsuguna gaban taya ba, harbi yake so. Na ce to. Yana jifa yana ɗaga ƙafa, yana murɗa kafaɗa, ƙwallo tana tafiya inda Allah ya nufe ta, ni kuma ina cewa, "Ya yi kyau, Mushe Darekta, saura kaɗan." Mushe shi ne yallaɓai a faransanci. Ajiyarsa ba laifi, yana da ido. Harbinsa kuwa, in ya buge sau ɗaya cikin goma sai fili ya ɗauki ihu kamar an ga wata.

Shekara biyu hulata ba ta huta ba. Darekta bai taɓa faɗuwa wasa ba in ana kallo. Abin da ban lura da shi ba, ko na lura na kau da kai, shi ne wannan mutumin bai san kara ake yi masa ba. Waɗancan manyan sun yi wasa a wasu garuruwa tun suna ƙanana a aiki, an lallasa su, sun san iyakar hannunsu. Shi kuwa a filinmu aka haife shi, mu muka yi masa wanka, kuma tun ranar bai ji komai daga bakinmu ba sai yabo.

Wata kaka sai ga wasiƙa daga Zinder. Ƴan bul na can suna gayyatar ƙungiyoyi daga garuruwa, mutum uku uku, kwana biyu ana karawa. Ni na buɗe ta, ni na fara karantawa, kuma Asabar ɗin na tari mai tattasai tun bai jingine keke ba.

"Yaya, za ka Zinder."

"In yi me?"

"Ka yi harbi. Masu ajiya biyu, mai harbi ɗaya, kuma duk Diffa wa zai tsaya gabanka? Na yi maka alkawari."

Ya yi dariya har na ga ƙarshen haƙoransa. Ya ce shi ba garin ne ya dame shi ba, ya sha kai tattasai kasuwannin tsallaken kogi, ya ga manyan garuruwa. So yake ya ga hannun wasu. So yake ya tsaya gaban wanda ya fi shi ya ji yadda abin yake. Lokacin ban ruwa ne sosai, tattasai yana fure, amma ya bar wa ƙanensa injin, ya riƙa zuwa sau uku a sati cikin zafin nan na kaka. Har sabuwar riga ya ɗinka.

Masu ajiya ba a yi gardama a kansu ba, wani majo, babban ma'aikacin jinya na asibiti, da ɗan duwan ɗin nan. Da aka zo kan mai harbi, darekta ya gyara zama a kujerarsa ta roba ya ce, "Bon. Yanzu zamanin dimokuraɗiyya muke. Ni da mai tattasai mu kara, mutum da mutum. Wanda ya ci shi ka tahiya."

Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Na ce a raina ga shi nan, irin ta manya ce, zai ci a gaban jama'a sannan ya yi kyauta. Wane darekta ne zai bar buro ya yi tafiyar yini guda a mota don ƙwallon ƙarfe? Ban tambaye shi ba. Ban aika kowa ya ji ta bakinsa ba. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: watan sabunta kwantaragina ne, takardar tana kan teburinsa.

Ranar wasan fili ya cika, har da sojoji da mutanen wasu burori, wasu a kan babura. Ƙwallo uku uku. Mai tattasai ya fara kamar ya manta da ni. Bai ma yi harbi sosai ba, ajiya kawai yake yi, kafin a ce me ya kai tara, darekta yana huɗu. Na ga gumi ya jiƙa wuyan rigar darekta. Na ga ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya, wanda har yau ban san ma'anarsa ba. Wataƙila shawara yake nema wurin malaminsa. Ni dai takardata na gani a idonsa. Da mai tattasai ya shiga da'ira zai harba, na ɗaga hannu na gyara hula.

Ya kuskure. Ya sake kuskurewa a zagaye na gaba, ya kuma sassauta ajiyarsa. Ƴan fili da suka san zancen suka sunkuyar da kai, baƙi suna ta ihu. Darekta ya hau, ya hau, har ya kai goma sha biyu, mai tattasai yana sha ɗaya. A zagayen ƙarshe darekta ya gama jefa nasa uku, ɗaya ta kwanta jikin ƙaramar. Biyu na mai tattasai suna biye da ita, kuma saura ɗaya a hannunsa. In ya fitar da ta darekta, wasa ya ƙare, Zinder tasa ce. Taki bakwai ne, fili a share. Irin wannan ko an tashe shi daga barci zai buge.

Ya shiga da'ira ya haɗa ƙafa. Bai dubi ƙwallon ba, ni ya duba. Ya daɗe yana dubana, har wani soja ya ce a yi mana a gama. Ba roƙo ne a fuskarsa ba, tambaya ce, irin ta ɗalibin da ya yarda malaminsa ya san abin da shi bai sani ba. Na gyara hula.

Ƙwallon ta sauka taƙi guda gaban ta darekta, ta yi tsalle ta haye. Ya kama kai ya ce kash, yadda na koya masa, sai dai muryar ba ta fita ba.

Aka kawo shayi, aka kawo nama. Na zauna ina jiran kyauta. Darekta ya share hannu da takarda ya miƙe, na ce yawwa, ga ta nan.

"Kun gani da idonku," in ji shi. "Mutumen ga hannu gare shi, ban hana ba. Amma in wasa ya yi zahi sai ya rikice. Harbi ukku ya ɓatar a wurin da ake bukata. Irin wanga ba a kai shi gaban mutane. Ku shirya, ran Juma'a muna tahiya da motar sarwis ta buro."

Mai tattasai bai ci naman ba. Ya yi wa kowa sallama da hannu biyu, har da darekta, ya ɗauki kekensa. Da ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Sai an jima, Malam," kamar kullum. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ranar Litinin na shiga wurin darekta da takardun sa hannu, na tsaya ina kame-kame. Na ce mai tattasai ya sha wahalar shiri. Na ce wani lokaci mutanenmu sukan ji nauyin manya a fili. Ya ajiye alƙalami ya cire tabarau.

"Mi kake nuhi? Bar mini ya yi?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce. Ba zai kashe ni ba. Wataƙila ya yi fushi na sati, wataƙila ma kunya ta sa ya janye. Na ce, "A'a, Mushe Darekta. Ka ci da hannunka."

Ya ce wala, wato shi ke nan, ya miƙo mini wata ƴar takarda da ya rubuta sunaye, ya ce in buga. Suna uku, na huɗu nawa, a matsayin mai koyarwa. Na zauna gaban mashin na buga da yatsuna, na sa kabon ya fito kwafi uku, ban yi kuskuren harafi ko ɗaya ba. Kuma na je. Wannan ma sai na faɗa. Na shiga motar, na ci abincin hanya, na kwana a masaukin baƙi a kan katifa.

A Zinder babu wanda ya san mu, babu mai kallon hular kowa. Wasanmu na farko da wasu masu gyaran mota muka yi, mai harbinsu wani siriri ne mai baƙin mai a farce. Darekta ya ajiye ƙwallo mai kyau, ya juya yana murmushi. Bai gama juyawa ba aka ji tas. Ya sake ajiyewa, aka sake fitarwa. Ya waiwayo yana nemana da ido cikin mutane kamar wanda aka yi wa sata a kasuwa. Da aka zo nasa harbin kuwa, kwana biyun nan ban ga ya taɓa ƙarfe fiye da sau biyu ba. Wasa uku muka yi, uku aka ci mu, ɗaya ko maki ba mu samu ba. Ina tsaye a gefe ina kallon masu harbin garuruwa, ina auna su ɗaya bayan ɗaya. Biyu ne kawai zan ce sun kai mai tattasai, kuma ko su sai an tashi tsaye.

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka wuce Gure. Can darekta ya ce ƙasar filinsu ba ta da kyau, kuma koyarwar Diffa koyarwar banza ce. Rabin maganarsa gaskiya ne. Bai sake saukowa fili ba har aka canza masa gari. Takardar kwantaragina kuwa, ashe tun sati guda kafin ranar wasansa da mai tattasai ya sa mata hannu, tana kwance ƙarƙashin wasu takardu ba wanda ya miƙo mini.

Asabar uku mai tattasai bai zo ba. Ta huɗu na ari babur na bi hanyar ƙauyensu, ina nutsewa cikin yashi ina fita. Kogi ya cika, an fara tsinkar fari, an shanya tattasai a kan tudu ja har iyakar gani. Na same shi a bakin ruwa yana kwance wani abu a jikin injin. Ya tashi ya tare ni da wushe wushe, sannu da zuwa ta Barebari, ya shimfiɗa mini buhu, ya aika gida a kawo fura. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gona. Ya ce wani ɓangare ya ƙone a watan da ya bar wa ƙanensa, amma alhamdulillahi.

Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Na fara, na ce, "Yaya, ni na ɗauka zai yi kyauta ne, yadda aka saba." Ya ɗaga hannu ya ce ya wuce, Malam, ya wuce. Ya ci gaba da ɗaure ƙusa. Can ya tambaya ba tare da ya dube ni ba.

"A Zinder ma an bar masa?"

"A'a."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya. Can kowa bugu yake yi. Ko gwamna ne ya ajiye, fitarwa za a yi."

Ya tsaya da aikin.

"Ashe akwai inda ake yi haka," ya ce. "Da na je na gani."

Na ce masa akwai baɗi, za a sake gayyata, wannan karon ko sama da ƙasa za su haɗu sai ya je. Ya ce Allah ya kai mu, irin yadda ake ce wa yaro in ya ce zai saya maka mota. Sannan ya naɗa igiya ya ja injin, ƙara ta cika wurin, babu sauran damar magana. Ya ɗauki fartanya ya bi ruwan yana buɗe masa hanya kwami bayan kwami, ni kuma na zauna a kan buhu har furar ta zo, na sha ni kaɗai.

Ba a sake gayyatarmu ba, shi ma bai sake zuwa ba. Na ƙara shekara huɗu ina koyarwa, sababbi suna zuwa suna tafiya. In mun haɗu ranar Talata a kasuwa, yakan saki abin da yake yi ya miƙo hannu biyu ya ce Malam, ina gajiya, ina ɗalibai. Bai taɓa fasa ce mini Malam ba, ni kuwa duk ranar da ya faɗa ba na iya cin abincin rana.